Daren da Sunan Makarfi Ya Fito a Littafi

Ina aji biyar a firamare ranar da na fara jin sunan garinmu ya fito daga cikin littafi. Ba takardar haraji ba ce, ba sammacin alƙali ba. Littafin labari ne mai bango da lambobin shafi, irin wanda a lokacin muke zaton sai Bagadaza da Masar da Istambul ne suke da ikon shiga cikinsa. Yayana ne ke karantawa a zaure bayan sallar isha'i, ga fitilar ƙwai a tsakiya, mu kuma mun kewaye shi kowa da sandar rakensa, don lokacin hunturu ne, kuma a ƙasarmu sanyi da rake tare suke sauka. Ya kai wurin da fadawa suka ƙulla wa wani bafade mai suna Makau sharri a Kagara, sarki ya kore shi, ya kama hanya yana neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Sai muka ji Yaya ya ce Makarfi.

Zauren ya kaure. Wani ya ce ƙarya ne, Yaya ne ya ƙara da bakinsa. Sai da aka matso da fitila, ya ɗora yatsa a kan kalmar, muka bi ta harafi-harafi kamar masu duba wata a daren sallah. Kashegari kafin a kaɗa ƙararrawa duk makaranta ta ji. Yaran da ke zuwa daga ƙauyukan gefe, 'yan Gazara da 'yan Gubuci, sun sha gori a wannan makon, kamar mu ne muka rubuta littafin. Har muhawara aka yi a kan ko wace unguwa Makau ya sauka, kowa yana ja wa tasa.

Littafin *Shaihu Umar* ne, na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Mutumin bai fi shekara shida da kashe shi ba a lokacin, hotonsa na rataye a shagunan teloli, manya kuma idan an ambace shi sai sun yi masa addu'a kafin su ci gaba da magana. Saboda haka littafin ya shigo gidanmu da alfarma biyu, ta mai shi da ta sunan garinmu.

Mutum ɗaya ce ba ta yi murna ba. Kakata, wadda muke kira Iya, takan jawo tabarmarta bakin ƙofar zaure ta ciki, tana kaɗi tana saurare. Ni takan kira ni maigida, ni kuma in ce na sake ta, ta tsufa. Daren farko ta yi dariya tare da mu. Da aka zo inda kura ta cinye ɓarawon da ya sace Umar yana ƙarami, har cewa ta yi alhaki ne. Amma daren da aka kai ga uwar yaron, wadda ta bar gida ta bi sawun ɗanta har Kano, aka yaudare ta aka sayar, aka sa ta a ayari zuwa Murzuƙ, sai muka ji mazari ya daina juyawa.

"Kai, rufe haka nan," in ji ta. "Wannan ba tatsuniya ba ce."

Na ce, "Iya, ai labari ne kawai, ƙirƙira aka yi."

Ta ce, "Maigida, kai dai sha rakenka."

Ta naɗe tabarma ta shige. Ba ta sake zama sauraron littafin ba, mu kuma ba mu tambaye ta dalili ba. Yaro bai san wuta ba sai ya taka.

Sai da na shiga kwalejin horon malamai a Zariya na san yadda aka haifi littafin. A 1933 wani Bature, Rupert East, wanda ke riƙe da Hukumar Fassara a Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko, don yara su sami abin karantawa. Biyar aka zaɓa aka buga: *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam, *Ganɗoki* na yayansa Bello Kagara, *Idon Matambayi* na Muhammadu Gwarzo, *Jiki Magayi* na John Tafida tare da East ɗin, sai *Shaihu Umar*. Marubucin na ƙarshen saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, bai daɗe da fitowa daga Kwalejin Katsina ba, yana koyarwa a Midil ta Bauci. Wannan duk mun haddace shi don jarrabawa. Abin da ba wanda ya ce mu haddace shi ne cewa a 1934, lokacin da littafin ya fito, bauta ba ta gama mutuwa a dokar Arewa ba. Shelar Lugga ta 1901 ta hana hari da cinikin bayi, ta kuma ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilun wannan shekara ɗa ne, amma ba ta kwance waɗanda ke hannun iyayengijinsu ba. Sai a 1936 aka yi dokar da ta share abin gaba ɗaya. Wato yaran da suka fara karanta littafin nan a Midil ta Zariya, wasunsu sun baro bayi a gidajensu, wasu kuma iyayensu ne bayin. Ina so in san yadda ajin ya kasance a ranar da aka karanta sayar da uwar Umar.

Mu dai da namu zamanin ya zo, ga yadda muka karanta shi, ga kuma yadda na koyar da shi shekara da shekaru a Ikara da Hunƙuyi: jigon littafi shi ne haƙuri. Umar ya yi haƙuri, Allah ya haɗa shi da Abdulkarim, Balaraben da ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya kai shi ƙasar Masar, ya sa shi karatu har ya zama shaihi, ya dawo ya zauna a Rauta almajirai na ɗaukar ilimi a gabansa. Makau ya yi haƙuri da hassadar fadawa. Mahaƙurci mawadaci. In ɗalibi ya rubuta haka, ya kawo misali biyu, ya ci makinsa. Kalmar bauta takan fito a amsa kamar yadda kalmar raƙumi ke fitowa, wani abu ne da ake samu a hanya.

Gaskiya kuma yara maza ba su cika son littafin ba. Sun fi son Alhaji Imam da Malam Zurƙe, masu wayo da ban dariya, ko Ganɗoki mai kirari da sara da suka, wanda ya ƙi miƙa wuya ga Nasara. Shaihu Umar ba ya ihu, ba ya zagi, ba ya ramuwa. Maganarsa a kwance take kamar ruwan tafki da asuba. Wani ɗalibina a Ikara, ɗan masu noman tumatir, ya taɓa ce mini, "Malam, wannan mutumin ko an mare shi godiya zai yi." Na hukunta shi a kan rashin ladabi. Yanzu in na tuna sai in ga a ajin nan kaf shi kaɗai ne ya karanta littafin da idonsa, sauranmu da idon mai gyaran jarrabawa muka karanta.

An mai da labarin wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, aikin Umaru Ladan da Dexter Lyndersay, sannan a 1976 Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa. Mervyn Hiskett kuwa tun 1967 ya juya shi zuwa Ingilishi. Fim ɗin ya ɓace wa mutane shekaru masu yawa, sai da aka tono shi aka gyara aka nuna a bikin fina-finai na Balin a 2018. Amma a garuruwanmu ba waɗannan ne suka canja masu karatun littafi ba. Littattafan soyayya na kasuwar Kano ne. Daga ƙarshen shekarun 1980 suka fara shigowa a jakar 'yan tireda da direbobin da ke sauke fasinja a Tashar Yari, ana ba da hayarsu kwana ɗaya-ɗaya. Balaraba Ramat Yakubu, Ado Ahmad Gidan Dabino, Bilkisu Funtuwa. 'Yan matan ajina a Hunƙuyi sukan ɓoye su a cikin littafin lissafi. Mun ƙwace, mun yi faɗa, mun kira su shirme. A 2007 har wuta aka cinna wa tarinsu a Kano, a zamanin gwamna Malam Ibrahim Shekarau, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, kuma ba zan ɓoye ba, a ranar ban ji haushi ba.

Sai dai waɗannan littattafai sun koya wa yara wani abu da mu ba mu koya musu ba. Sun koya musu yin fushi da mutumin cikin littafi. Yarinya za ta karanta labarin mijin da ya wulaƙanta uwargida, ta zo tana huci kamar maƙwabcinsu ne. Za ta ce marubuciyar ba ta kyauta ba da ta bar kishiya ta ci bulus. Za ta rubuta wasiƙa zuwa adireshin da ke bayan bango ta faɗi ra'ayinta. Mu a wurinmu littafi malami ne, ana durƙusa masa. Su a wurinsu abokin hira ne, ana iya ce masa ƙarya kake. Wanda ya tashi da irin wannan karatu, ranar da ka miƙa masa *Shaihu Umar* ba zai karɓa da hannu biyu ba.

Haka kuwa aka yi. 'Yar ƙanwata, wadda ta ci sunan mahaifiyarmu don haka nake kiranta Uwata, ta karanci adabin Ingilishi a Samaru. Wani hutu ta zo mini da wani littafi mai kauri kamar bulo, ta ajiye a kan tabarmata.

"Kawu, ga abokin Shaihu Umar ɗinka na kawo maka. Ka karanta, sannan mu yi magana."

Sunansa *The Book of Negroes*, na wani marubucin Kanada, Lawrence Hill, ya fito a 2007. Ingilishina na tsohon malamin firamare ne, sai da na cinye damina guda ina bin sa da ƙamus. Labarin wata yarinya ce, Aminata Diallo, daga wani ƙauye kusa da Segu a ƙasar Mali ta yau. Ubanta Bafulatani ne Musulmi, maƙerin farfaru, uwarta Babambariya ce ungozoma. Tana da shekara goma sha ɗaya mahara suka kashe iyayenta suka ɗaure ta, aka yi watanni ana tafiya da ita a ƙasa har bakin teku, aka tsallaka da ita Carolina ta Kudu, aka sa ta aikin baba. Baba dai wannan da muka sani, na marina, wanda ake zuba wa toka a karofi. Na daɗe a kan wannan shafi. Ban taɓa kawowa a raina cewa shuɗin da ke rawanin hakimi yana da ɗan'uwa a Amurka wanda aka jiƙa da gumin 'ya'yan Fulani ba.

Sunan littafin ba Hill ne ya ƙirƙira ba. Wani kundi ne na gaske da sojojin Ingila suka rubuta a New York a 1783, bayan sun sha kashi a yaƙin 'yancin Amurka. A ciki suka jera sunaye da kamannin baƙaƙen fata wajen 3,000 da suka goya musu baya bisa alkawarin 'yanci, waɗanda za a kwashe a jiragen ruwa, akasarinsu zuwa Nova Scotia a Kanada. Wanda sunansa bai shiga kundin ba, ubangijinsa na iya zuwa ya kama abinsa a bakin jirgi. Can ma sanyi da yunwa da wariya suka ishe su, har a 1792 kusan 1,200 daga cikinsu suka sake hawa teku zuwa Saliyo, suka kafa Firitawun. Hill ya ɗauki Aminatarsa ya bi da ita duk waɗannan wurare, ya ma sa ita ce take rubuta sunayen a kundin, daga ƙarshe ya kai ta Landan tana tsohuwa, tana ba da shaida a gaban masu neman a hana cinikin bayi. Shi kansa marubucin ya taɓa zama a Nijar yana saurayi, wajen aikin sa kai, kuma ana jin ƙamshin wannan a yadda yake kwatanta gari da gaisuwa da cin abinci.

Uwata ce ta ba ni labarin yadda duniya ta karɓe shi, kuma wannan ya fi littafin ba ni mamaki. A Kanada an rungume shi: ya ci kyautar marubutan Kwamanwel a 2008, ya ci gasar karatu ta gidan rediyon ƙasar a 2009, a 2015 aka mai da shi fim mai dogon zango a talabijin. Da za a buga shi a Amurka kuwa, mawallafa suka ce kalmar da ke bangon ba za ta shiga kasuwa ba, don a can ta zama kalmar cin fuska. Aka sake masa suna *Someone Knows My Name*, ma'ana akwai wanda ya san sunana. A Holan aka bar sunan yadda yake aka fassara, sai a 2011 wani mai fafutuka ɗan asalin Surinam, Roy Groenberg, ya aika wa marubucin saƙo cewa zai ƙona littafin, kuma shi da mutanensa suka taru a wani dandali a Amstadam suka ƙona hoton bangon. Surinam a da ƙasar gandayen rake ce ta Turawan Holan, kakannin mutanen nan a cikin rake suka ƙare rayuwarsu da bulala. Ni da na girma ina ganin doki na zagaya injin matse rake ana dafa mazarƙwaila, ban taɓa ɗaukar rake abin baƙin ciki ba. Littafi ɗaya, wasu sun ba shi kyauta, wasu sun canja masa suna, wasu sun sa masa ashana, kuma dukansu a kan suna suke faɗa.

Da na gama, ta zo ta zauna, ta ce, "To Kawu, yaya ka gani?"

Na ce mata littafin ya yi daɗin baki da yawa. Haka na ji. Hausar da ke kaina ta kasa yarda da yarinyar da aka yi wa wannan azaba amma maganarta na zuba kamar waƙa, kowace jimla a goge, kowane baƙin ciki da adonsa. Kuma Aminatar ta cika baiwa: ta iya harsuna, ta iya karatu da rubutu, ta iya karɓar haihuwa, duk inda tarihi zai yi wani babban motsi tana tsaye a wurin. A ƙarshe ma 'yarta da aka sace tun tana ƙarama ta dawo mata a Landan. Na ce wannan ai son zuciyar marubuci ne, ya tausaya wa mai karatu.

Ta yi dariya. "Kawu, Shaihu Umar fa? Duk faɗin Sahara, a ce ɗa da uwa su haɗu a Tarabulus? Guguwar rairayi ta binne ayari shi ya fita? Wannan ba son zuciya ba ne?"

Na ce wannan ikon Allah ne.

"To na Aminata ikon wa ne?"

Ban da amsa. Ta ci gaba, kuma a nan ne muryarta ta canja. Ta ce ita abin da ya hana ta barci ba daɗin bakin Hill ba ne, sanyin bakin Shaihu Umar ne. An sace shi, an bautar da shi, an sayar da uwarsa, ta wahala har ta zama abin tausayi, ta mutu jim kaɗan bayan ta gan shi, amma yana ba almajiransa labarin kamar mai lissafin zangon fatake. Mutumin da ya mallake shi shi ne kuma uban da yake yabo. Ta ce a ajinsu an kusa dambe a kan wannan. Wasu suka ce littafin wanke bauta yake yi, yana nuna cewa in ka dace da ubangiji nagari bauta ma hanyar arziki ce. Wasu suka ce a'a, wannan bautar Turawa ce ta mugunta, tamu ta gida daban ce, bawa ɗan gida ne, yana iya zama Sallama ko Shamaki a fada. Wata yarinya daga Kudan ta tashi ta tambaye su: in haka ne, me ya sa har yau in za a yi aure ake aika tsofaffi su binciko asali, kuma kowa ya san abin da ake nema?

Wannan tambaya ta yarinyar Kudan ita ta mai da ni ga littafin. Na ciro tsohon kwafina na kamfanin ɗab'i na NNPC, wanda bangonsa ya riga ya rabu da jikinsa, na karanta shi a dare biyu, karo na farko ba don in koyar ba. Abin da na gani ya ba ni kunya. Komai na nan a fili. Harin da sarki ke tura mutanensa su kamo mutane, ga shi tun a farkon labari, kuma Makau da muke tausayi, wanda muka yi alfahari da saukarsa a garinmu, da shi ake zuwa harin. Rigimarsa da fadawa ma a kan rabon abin da aka kamo ta taso. Ga yadda ake sace yaro da rana tsaka. Ga yadda mace mai 'yanci, 'yar mutanen Fatika, ke zama haja don kawai ta yarda da wanda ya ce zai taimake ta. Marubucin bai ɓoye ko ɗaya ba. Bai ɗaga murya ba ne kawai, mu kuma mun saba in ba a ɗaga murya ba to ba a yi faɗa ba.

Na yi ta tunanin dalilin wannan sanyi. Saurayi ne malamin gwamnati, ba ɗan sarauta ba, mahaifinsa ma'aikaci ne a gidan hakimi. Bature zai duba rubutun, sarakuna za su ji labarinsa, 'ya'yan masu bayi da 'ya'yan bayi za su karanta shi a benci ɗaya. Wataƙila iyakar abin da zai iya ke nan. Wataƙila kuma haka tsofaffin da ya ji labarin a bakinsu suke ba da shi, don na san irin wannan murya. Ita ce muryar da mace ke ba da labarin 'ya'yanta shida da suka mutu tana tsinke zogale, ba ta ko ɗaga kai. Wanda bai san mu ba sai ya ce ba ta damu ba. Uwata ta ce wannan uzuri ne nake nema wa littafin. Mai yiwuwa. Amma na gaya mata Hill yana rubutu ne bayan shekara 200 da hana cinikin bayi a daular Ingila, ga kundi a ajiye a ɗakin adana tarihi, ga masu karatu da ke jiran a sa su kuka. Tafawa Ɓalewa yana rubutu ne gawar ba ta huce ba.

Mu kuma ba mu da kundi. Wannan ne bambancin da ya fi tsaya mini. Turawan Ingila, don lissafin kansu ba don tausayi ba, sun rubuta sunaye 3,000, yau jikokin mutanen nan na iya zuwa su ɗora yatsa a kan sunan kakansu. Waɗanda aka bi da su ta Kano da Zindar da Agadas zuwa Murzuƙ da Tarabulus ba wanda ya rubuta su. Waɗanda aka zuba a rinjojin ƙasar Zazzau suna noma wa masu sarauta, sunan yanka ma canja musu aka yi, aka ba su irin sunayen nan na godiya da dangana da kowa ya san ma'anarsu. Ga kalmomin nan a bakinmu har yau, rinji, murgu, fansa, bacucane, dimajo, ƙwarƙwara, har garuruwa da unguwanni akwai masu amsa sunan Rinji, amma ka tambayi ɗan sakandare ma'anar murgu ka ji. Abin da ya fi kusa da kundi a wajenmu shi ne bakin tsofaffi mata. Wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa a Giwa a 1949 da 1950 ta rubuta tarihin rayuwarta, ya fito a 1954 da sunan *Baba of Karo*. Baba ta tashi ne a Karo da Zarewa, nan kan iyakar Kano da Zazzau, tafiyar da ba ta kai yini ba daga Kudan. Ta ba da labarin rinjin gidansu, da mahara, da matan danginta da aka kama sai da aka biya fansa. Zamanin da take magana a kai shi ne na hare-haren Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora, kafin Turawa su ci garinsa a 1901 su shiga Zariya a 1902. Baba tsarar uwar Iya ce. Abin da Baturiya ta zo daga wata duniya ta zauna ta rubuta, ni yana zaune a bakin ƙofar zaurenmu yana kaɗi, na ce masa ƙirƙira ce.

Akwai ma wani abin da Uwata ta tono mini wanda ya ƙara ɗaure zancen da Kanada. Wani mutum, Mahommah Gardo Baquaqua, haifaffen Jugu a ƙasar Benin ta yau, uwarsa Bakatsiniya, an sayar da shi zuwa Barazil, ya tsere daga jirgi a New York a 1847, ya zauna a Haiti, daga baya ya je garin Chatham a Kanada, a can ya ba da tarihin rayuwarsa aka buga a Detroit a 1854. Wato shekara 80 kafin *Shaihu Umar*, jikan Katsinawa ya riga ya faɗi nasa da bakinsa, da sunansa a bango. Ban taɓa jin an ambace shi a wata makaranta da na koyar ba.

Yanzu karatu ya koma waya. Matan gidanmu suna sauraron littattafai a YouTube suna tankaɗe, ana tura babi-babi a WhatsApp, mai karatu na biyan kuɗi ta banki kafin a buɗe masa ci gaba, in bai ji daɗin yadda labari ya juya ba a take zai gaya wa marubuciya, wani lokaci har ta canja. Gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016 take fito da mata masu rubuta abin da a zamaninmu ba a faɗa. Ba na cewa duk alheri ne. Akwai gaggawa a ciki, akwai yanke hukunci kafin a kai shafi na goma, kuma ina tsoron yaran da aka saba musu da barkono ba za su ji ɗanɗanon tuwon da ba yaji ba. Littafi irin *Shaihu Umar* yana bukatar mai karatun da zai ji abin da aka yi shiru a kansa. Mu mun iya shiru amma ba mu ji ba. Su suna ji, amma shirun ne ke ba su haushi. Har yau ni da Uwata ba mu daidaita ba: ita tana ganin Umar ya ci amanar uwarsa da bai yi fushi ba, ni ina ganin da ya yi fushi da ba a bar littafin ya iso zaurenmu ba.

Da hunturun bara ta zo da 'ya'yanta biyu. Da dare aka ɗauke wuta, na sa aka sayo rake, na ɗauko tsohon kwafin nan, babban ɗanta ya haska mini da fitilar waya. Na karanta musu tun daga Rauta. Da na kai wurin korar Makau na faɗi sunan Makarfi, na ɗan dakata ina jiran zauren ya kaure. Ba wanda ya motsa. Sunan garinsu suna ganinsa kullum a taswirar waya, ba abin mamaki ba ne. Sai ƙaramar, 'yar shekara tara, wadda nake kira amarya, ta cire rake daga bakinta.

"Kaka, mutanen da su Makau suka kamo a harin, su 'yan wane gari ne?"

Na juya shafi baya, na sake juyawa gaba. Yaron ya matso da fitila.